Kariyar yara masu ƙaura a Jihar Kebbi

Kariyar yara masu ƙaura a Jihar Kebbi ta ƙunshi dokoki da hukumomi da al'adun gargajiya da ake dogaro da su wajen tsare rai da lafiya da mutuncin yaran da suka bar garuruwansu, ko dai tare da iyayensu ko kuma su kaɗai. Batun ya fi fitowa fili a Birnin Kebbi, babban birnin jihar, da kuma Argungu, garuruwa biyu da ke bakin fadamar Gulbin Rima, masu tazarar kimanin kilomita 50 a tsakaninsu. Yaran da ake magana a kansu sun haɗa da almajirai, da 'yan cin rani, da 'yan mata masu aikatau, da waɗanda rashin tsaro ko ambaliya ta kora daga ƙauyukansu, da kuma waɗanda suke wucewa kawai a kan hanyarsu ta zuwa Nijar da Arewacin Afirka. A dokar kare haƙƙin yara ta Najeriya, yaro shi ne duk wanda bai cika shekara 18 ba.

Ma'anar kalmomi

Dokokin duniya sun raba waɗannan yara gida biyu. Akwai yaron da ba shi da rakiya, wato wanda ya rabu da iyayensa duka biyu da sauran danginsa, kuma babu wani babba da doka ko al'ada ta ɗora wa nauyinsa. Akwai kuma yaron da ya rabu da iyayensa amma yana tare da wani babba daga cikin dangi, kamar kawu ko gwaggo ko yaya. Kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ya yi bayanin wannan bambanci a sharhinsa na 6 wanda ya fitar a shekarar 2005.

Wannan rabe-rabe bai cika zama daidai da rayuwar ƙasar Hausa ba. Almajirin da mahaifinsa ya damƙa wa malami hannu da hannu yana da babba a kansa bisa al'ada, amma sau da yawa yakan wuni yana yawo a gari ba tare da kowa ya san inda yake ba. Yarinyar da aka ba wata mata riƙo ana lissafa ta a matsayin 'yar gida, ko da kuwa aikatau ne ya kawo ta. Saboda haka ma'aikatan jin daɗin jama'a a Afirka ta Yamma suka fi amfani da kalma mai faɗi, wato "yara masu tafiya", domin ta ɗauki duk wanda ya bar gida, da yardar iyaye ko ba da yardarsu ba, a cikin ƙasa ko a ƙetare.

Yanayin ƙasa da hanyoyi

An ƙirƙiro Jihar Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato a ranar 27 ga Agusta, 1991. Tana da ƙananan hukumomi 21 da masarautu huɗu: Gwandu, Argungu, Yawuri da Zuru. Ta yi iyaka da ƙasashe biyu, wato Jamhuriyar Nijar ta ɓangaren jihar Dosso, da Jamhuriyar Benin ta kudu maso yamma. Manyan mashigai sun haɗa da Kamba da Dole Kaina a ƙaramar hukumar Dandi, da Kangiwa da Bachaka a ƙaramar hukumar Arewa, da Lolo da Tsamiya a ƙaramar hukumar Bagudo. Bayan waɗannan akwai hanyoyin ƙafa da na babur da na kwalekwale da ba su da iyaka.

Layin da ya raba ƙasashen ya samo asali ne daga yarjejeniyoyin da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1898 da 1904 da 1906. Layin ya ratsa ta tsakiyar al'ummu masu harshe ɗaya da zumunci ɗaya. Arawa suna nan a Kangiwa suna kuma can a Dogon Dutsi. Dandawa da Zabarmawa suna Kamba suna kuma Gaya. Dole Kaina ma gari ne da iyaka ta tsaga biyu. Yaron da ya taso daga wani ƙauye na Dosso ya zo Argungu wurin ɗan'uwan mahaifinsa, a takarda baƙo ne ɗan wata ƙasa, amma shi da iyayensa ba su ɗauki tafiyar a matsayin fita waje ba. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa ƙidayar irin waɗannan yara take da wuya, kuma jami'in da ke bakin iyaka ba ya iya gane ɗan gida da baƙo ta fuska ko ta harshe.

Babbar hanyar mota ta tashi daga Birnin Kebbi ta bi ta Argungu zuwa Sakkwato, daga nan ta nufi Illela da Birnin Ƙonni, sannan Tawa da Agadas. Ita ce hanyar da masu niyyar ƙetara Sahara daga wannan yanki suka fi bi.

Almajirai

Mafi yawan yaran da ake gani ba tare da iyayensu ba a Birnin Kebbi da Argungu almajirai ne. Kalmar ta fito daga Larabci, al-muhajir, wato wanda ya yi ƙaura, kuma tun asali tafiya tana cikin ma'anar karatun. Iyaye suna ganin yaro ba ya samun karatu sosai a gaban mahaifiyarsa, sai ya ɗanɗani baƙunta da yunwa da haƙuri. Yankin yana da tsohon tarihin ilimi, musamman Gwandu, inda Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna ya karantar a farkon ƙarni na 19. Masu neman haddar Alƙur'ani kuwa sun saba tafiya gabas, wajen Kano da Haɗeja da Barno.

A tsarin da, tafiyar ta rani ce. Bayan an kawar da amfanin gona malami yakan kwashi yaransa ya sauka a wani gari mai albarka, su kafa tsangaya a bayan gari, su koma gida idan damina ta kusa domin noma. Ƙaramin yaro shi ne kolo, wanda ya ɗan tasa titibiri, babba kuma gardi. Kolo ne ke bara, titibiri da gardi sukan yi sana'a kamar ɗinkin hula, yankan farce, dako ko aikin gona. Mutanen gari suna ɗaukar ciyar da almajiri a matsayin sadaka, kuma gidaje da yawa suna da almajirinsu na musamman wanda ke yi wa matar gida aike da ɗebo ruwa da shara, ita kuma ta zama uwar ɗakinsa, ta ba shi abinci da tsohuwar riga, ta lura idan kwana biyu bai leƙo ba. A aikace wannan alaƙa ta uwar ɗaki ita ce kariya mafi kusa da yawancin almajirai suke da ita, duk da cewa ba ta cikin kowace doka, kuma takan rikiɗe ta zama bautarwa idan aka haɗu da mai mugun hali.

Abin da ya canza shi ne yawa da kuma tsawon zama. Fari na 1973 zuwa 1974 da na 1984 zuwa 1985 sun karya tattalin arzikin ƙauyuka da dama a Nijar da arewacin Najeriya, kuma tun daga lokacin tura yaro makarantar allo ya zama hanyar rage baki a gida a watannin da rumbu ya ƙare. Malamai da yawa sun daina komawa ƙauye, sun zauna a birni dindindin ba su da gona. Yaran da ake kaiwa kuma sun ƙara ƙanƙanta, har da 'yan shekara biyar da shida. Wani ƙiyasi da gwamnatin tarayya ta yi a 2010 ya nuna akwai almajirai kimanin miliyan 9.5 a faɗin ƙasar, adadin da ake yawan ambatawa har yau ko da yake ƙiyasi ne kawai. Mai bincike Hannah Hoechner, wadda ta zauna da almajirai a Kano kuma ta fitar da littafi a kansu a 2018, ta nuna cewa talaucin karkara da raunin makarantun boko na gwamnati suna cikin manyan dalilan da ke sa iyaye zaɓar wannan hanya, kuma yaran kansu sun fi kokawa da wulaƙancin da ake yi musu a gari. Tare da ita wasu almajirai suka shirya fim ɗin Duniya Juyi Juyi a 2011 domin bayyana rayuwarsu da bakinsu.

Haɗurran da almajiri ke fuskanta sanannu ne: kwana a zaure ko rumfar kasuwa, ƙazuwa da makero, zazzaɓin cizon sauro wanda ya yi yawa a garuruwan fadama, haɗarin mota, duka, da cin zarafi ta hanyar lalata wanda ba a cika faɗa ba. A garuruwan bakin gulbi akwai ƙarin haɗarin nutsewa, domin yaran kan je wanka da wanki ba tare da babba ba, kuma wanda ya taso a tudu bai san halin ruwa ba.

'Yan cin rani da aikin fadama

Fadamar Rima tana daga cikin manyan wuraren noman shinkafa a Najeriya. A Birnin Kebbi ne Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Babban Bankin Najeriya a watan Nuwamba na 2015, kuma a 2017 aka buɗe babban kamfanin casar shinkafa a Argungu. Bunƙasar noman rani ta ƙara buƙatar hannu wajen dashe, cire ciyawa, korar tsuntsayen jan-baki, yanka da bugu. Samari 'yan shekara 13 zuwa 17 sukan zo daga ƙauyukan tudu da kuma daga Nijar, galibi a ƙungiya tare da yayyensu, su yi aikin ƙodago su tara kuɗin tufafi, waya, ko abin da za su kai gida.

Irin wannan tafiya ba sabuwa ba ce, kuma da yawa daga cikin samarin suna komawa gida lafiya da abin hannunsu. Matsalar takan taso ne inda aka hana yaro ladansa domin an san ba shi da wanda zai tsaya masa, ko aka sa shi feshin maganin ƙwari ba tare da kariya ba, ko ya kwanta ciwo a bukkar gona nesa da gida. Iyalan masunta su ma suna bin ruwa daga wuri zuwa wuri a gulbin Rima da kogin Kwara, haka nan Fulani makiyaya, kuma 'ya'yansu kan rasa makaranta. Domin irin waɗannan aka kafa hukumar ilimin makiyaya ta ƙasa a 1989, wadda daga baya aikinta ya haɗa da 'ya'yan masunta masu ƙaura.

'Yan mata

Ƙaurar 'yan mata ba ta fitowa a titi kamar ta maza, shi ya sa ta fi wuyar ganewa. Akan kawo yarinya daga ƙauye ta hannun wata mata da ke haɗa gidaje da masu aiki, a ajiye ta a gidan ma'aikaci ko ɗan kasuwa tana wanke-wanke da raino, kuɗin watanta kuma ya bi ta hannun wadda ta kawo ta zuwa ga uwarta, wadda ke tara shi domin kayan ɗaki. Wasu kuma suna zuwa ne a matsayin 'yan jagora ga makafi masu bara. Yarinyar da ke cikin gida ba ta da abokan tafiya, ba ta san gari ba, wani lokaci ba ta ma san sunan unguwar da take ba. Idan aka zalunce ta, mafi yawan lokuta maƙwabta ne ke fara ji.

Gudun hijira da masu wucewa

Hare-haren 'yan bindiga da suka faro daga Zamfara sun shafi kudancin jihar, musamman masarautun Zuru da Yawuri, inda aka sace ɗalibai a kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yawuri a ranar 17 ga Yuni, 2021. A arewacin jihar kuma, mayaƙan da ake kira Lakurawa sun kai hari garin Mera na ƙaramar hukumar Augie, a masarautar Argungu, a watan Nuwamba na 2024. Duk lokacin da ƙauye ya watse da dare, yara kan rabu da iyaye a guje, wasu kuma su zama marayu. Yawancin waɗanda suka gudu ba sa shiga sansani, sukan raɓa ne a gidajen dangi, makarantu ko kangaye a cikin gari. Ambaliya ma tana yin irin wannan ɓarna, kamar ta 2020 wadda ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a jihar ta kuma rushe gidaje.

Masu wucewa zuwa arewa su ne suka fi shiga haɗari mai tsanani. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamadar arewacin Nijar kusa da iyakar Aljeriya bayan motocinsu sun lalace, 52 daga cikinsu yara ne, 33 mata, kuma mafi yawansu daga yankin Kance na jihar Damagaram suka fito. Wannan lamari ya sa Nijar ta kafa doka mai lamba 2015-36 kan fasa-ƙwaurin bakin haure, wadda gwamnatin soja ta soke a watan Nuwamba na 2023. Tun daga ƙarshen 2014 Aljeriya ke mayar da mutane zuwa iyakar Nijar kusa da Assamaka, cikinsu har da yaran da babu kowa nasu, kuma hukumar kula da ƙaura ta duniya IOM tana karɓar su a cibiyoyinta na Arlit da Agadas da Yamai kafin a mayar da su ƙasashensu.

Kariya ta gargajiya da ta addini

Tun kafin zuwan hukumomin zamani akwai tsarin karɓar baƙo. Fatake suna sauka a zango ƙarƙashin sarkin zango, baƙo kuma yana da mai masauki wanda ke amsa tambaya a kansa. Yaron da aka tsinta ana kai shi wurin mai unguwa, idan ba a sami iyayensa ba a wuce da shi wurin hakimi ko uban ƙasa, har zuwa fada. Ana yin cigiya a masallaci bayan salla, a kasuwa ranar cinta, daga baya kuma a gidan rediyo. A yau hoton yaro a WhatsApp ko Facebook yakan riga sanarwar rediyo isa ƙauyensu, amma hakan yana da nasa haɗarin, domin maƙaryaci ma yana iya zuwa ya ce nasa ne. A tashoshin mota, shugabannin direbobi da 'yan kamasho su ne sukan fara lura da yaron da ya sauka shi kaɗai yana waige-waige, ko macen da ta shigo da yara biyar da ba su yi kama da juna ba.

A fiƙihun Malikiyya da ake bi a yankin, ɗaukar yaron da aka tsinta farilla ce ta kifaya, wato idan wasu suka yi ta faɗi a kan saura, idan kowa ya ƙi duk sun yi laifi. Yaron ɗa ne mai 'yanci, kuma idan ba shi da dukiya, ciyar da shi yana kan baitulmali. Matafiyin da guzuri ya yanke masa yana cikin mutane takwas da ake ba zakka. Musulunci bai yarda a jingina yaro ga wanda ba mahaifinsa ba, amma ya yarda da kafala, wato riƙo ba tare da canza nasaba ba, kuma sashe na 20 na yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya ambaci kafala da sunanta a cikin hanyoyin kula da yaron da ya rasa iyalinsa.

Dokoki da hukumomi

Najeriya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin yara ta 1989 a shekarar 1991, da ta Afirka ta 1990 a shekarar 2001, da kuma yarjejeniya ta 182 ta ƙungiyar ƙwadago ta duniya kan mafi munin aikin yara a 2002. A 2003 aka kafa dokar kare haƙƙin yara ta tarayya. Sashenta na 1 ya ce maslahar yaro ita ce gaba da komai a duk hukuncin da ya shafe shi, sashe na 30 kuma ya haramta amfani da yaro wajen bara, jagorancin mabarata, karuwanci, ko talla a manyan tituna. Da yake lamarin yara yana hannun jihohi ne a tsarin mulki, sai kowace jiha ta yi tata dokar kafin ta yi aiki a cikinta. Jihohin arewa da yawa sun daɗe suna jan ƙafa, musamman saboda saɓani kan shekarun aure, kuma sai a 2022 Gwamna Abubakar Atiku Bagudu ya sa hannu a kan ta Kebbi.

Hukumar yaƙi da fataucin mutane NAPTIP an kafa ta a 2003, aka sabunta dokarta a 2015. Sabuwar dokar ta mai da ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikatau a gida laifi mai hukuncin ɗauri. Ofishinta na shiyyar Sakkwato ne ya daɗe yana kula da Kebbi da Zamfara, kuma a Sakkwaton ne asusun UNICEF yake da ofishin da ke kula da jihohin uku. Jami'an shige da fice su ne ke bakin iyaka, kuma idan suka tare yaran da ake zargin fataucinsu ake yi sukan miƙa su ga NAPTIP. Ma'aikatar mata ta jiha da sassan jin daɗin jama'a na ƙananan hukumomi ke da alhakin ajiye yaro da nemo danginsa. A matakin ƙasa da ƙasa, Najeriya da Benin sun ƙulla yarjejeniya kan fataucin mata da yara a 2005, kuma ƙasashen Afirka ta Yamma da ta Tsakiya sun ƙulla wata a Abuja a 2006.

Game da almajirai, gwamnatin Goodluck Jonathan ta gina makarantun tsangaya na zamani sama da 150, ta farko an buɗe ta a Gagi da ke Sakkwato a watan Afrilu na 2012. Da yawansu sun lalace ko an karkatar da su bayan an miƙa su ga jihohi, kuma ko da duk sun yi aiki, gurbin da suke da shi ɗigo ne idan aka kwatanta da yawan yaran. A watan Mayu na 2023 aka sa hannu kan dokar kafa hukumar ilimin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta.

Yadda ake taimakon yaron da aka samu shi kaɗai

Ƙungiyar ECOWAS ta amince da wasu ƙa'idoji na kula da yara masu tafiya, waɗanda suka samo asali daga aikin wata haɗakar ƙungiyoyin kare yara ta Afirka ta Yamma da ta fara a 2005. Ana farawa da biyan buƙatar gaggawa: abinci, wanka, magani da wurin kwana wanda ba ɗakin tsare masu laifi ba. Tambayoyi suna zuwa daga baya, cikin harshen da yaron ya fi ji, kuma yarinya mace ce ya kamata ta tambaye ta. Yaro ƙarami ba lallai ya san sunan ƙaramar hukumarsu ba, amma yakan san ranar da kasuwar garinsu ke ci, sunan mai gari, laƙabin mahaifinsa, ko motar da ke zuwa can. Ƙwararren ma'aikaci da waɗannan yake gano ƙauyen, wani lokaci da taimakon karin harshe ko tsagar fuska.

Samun iyaye ba shi ne ƙarshen aiki ba. Ƙa'idar ita ce a je a ga gidan kafin a kai yaron, a san dalilin fitarsa. Wanda ya gudu daga auren dole ko daga duka, mayar da shi kai tsaye jefa shi ne cikin abin da ya guje wa. Wanda yunwa ta fitar kuma zai sake fita cikin 'yan makonni idan babu abin da ya canza a gidan, shi ya sa ake haɗa mayarwa da sa yaro a makaranta ko koyon sana'a, da ɗan tallafi ga iyalin, da kuma bibiya na wani lokaci. Idan gida bai dace ba, ana neman dangi ko riƙo a wani gida, gidan marayu kuma shi ne zaɓi na ƙarshe. Wanda ya zo karɓar yaro sai an tabbatar da shi ta hanyar shaidar mai garinsu da kuma yadda yaron kansa ya karɓe shi. Bibiyar ita ce matakin da aka fi tsallakewa, domin tana buƙatar ma'aikaci da abin hawa da kuɗin mai na watanni, alhali bikin miƙa yara ga iyaye yini ɗaya ne.

Mayar da almajirai a 2020

A watan Afrilu na 2020, lokacin annobar korona, gwamnonin jihohin arewa suka amince kowace jiha ta mayar da almajiran da ba 'yan asalinta ba zuwa jihohinsu. Cikin 'yan makonni aka kwashi dubban yara a motoci daga Kano, Kaduna, Nasarawa, Gwambe da sauransu. An cunkusa yara a mota ɗaya a daidai lokacin da ake cewa a ba da tazara, kuma jihohin Kaduna da Jigawa sun sanar da cewa gommai daga cikin waɗanda aka kawo musu suna ɗauke da cutar. Wasu yaran an kai su jihar da suka ambata amma ba a san ƙauyensu ba, wasu kuma 'yan Nijar ne da iyaka take rufe a gabansu. Ma'aikatun mata na jihohi tare da UNICEF sun yi aikin killace su da nemo iyayensu. Bayan an sassauta dokar kulle, yara da yawa sun koma wurin malamansu, domin abin da ya fitar da su daga gida yana nan yadda yake.

Rufe iyaka da takardun shaida

Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba 'yan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ƙasashen juna ba tare da biza ba har kwana 90. Duk da haka an sha rufe iyakar. An rufe ta daga 1984 zuwa 1986, abin da ya sa mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar wancan lokaci sunan El Buhari. An sake rufe ta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, sannan bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023, har zuwa Maris 2024. Nijar ta kammala ficewa daga ECOWAS a ranar 29 ga Janairu, 2025. Rufe mashiga ba ya tsayar da tafiya a irin wannan yanki, sai dai ya karkatar da ita zuwa hanyar daji da ta ruwa, inda kuɗin ƙetarawa ke ƙaruwa kuma babu jami'in da zai tambayi dalilin da ya sa yaro yake tare da wanda ba mahaifinsa ba. Bayan rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil a 2023, mutane sun koma ƙetare kogin Kwara a kwalekwale, manya da yara.

Dokar Najeriya ta 1992 ta wajabta rajistar haihuwa, kuma hukumar ƙidaya ta ƙasa ce ke bayar da takardar. A karkarar Kebbi mata da yawa a gida suke haihuwa, ana raɗa suna ran bakwai ba tare da an rubuta komai ba. Yaron da ba shi da takardar haihuwa ba ya iya tabbatar da shekarunsa idan aka kama shi, don haka ana iya tsare shi tare da manya. Ba ya kuma iya tabbatar da ƙasarsa idan aka koro shi daga Aljeriya ko Libiya, sai jami'an ofishin jakadanci sun yi masa tambayoyi kafin su ba shi takardar tafiya ta gaggawa. Hukumar ƙidaya tare da UNICEF sun koma yin rajistar ta na'ura, inda ma'aikata ke bin asibitoci da unguwanni da wayar hannu, kuma akan nemi masu unguwanni da limamai su sanar da su duk sunan da aka raɗa.